Mahmudu da Idon Surukinsa

Mahmudu ba ya ɗaga wa kowa murya, kuma a ganina babban aibinsa ke nan. Shekara tara muka yi muna aiki tare a wani asibitin gwamnati a nan Makka. A huɗun ƙarshe shi ne ra'is, wato shugabanmu mu tamarjai, masu ɗaukar marasa lafiya da wanke su da ba su ruwa. Ni kuwa Rabe, ɗaya ne daga cikin mutum ashirin da uku da ke ƙarƙashinsa. Idan ka yi laifi sai ya tsaya ya dube ka, ya ce "Allah ya kyauta," ya karɓi tsumman daga hannunka ya yi aikin da kansa. Masu kunya sukan gyara. Marasa ita, irin su Sabo, sai su ƙara miƙe ƙafa.

Mutumin Gumel ne. Ya baro gida yana saurayi da niyyar sauke farali, ya bi ta Cadi, ya yi shekara uku yana tsintar auduga a Sudan, sannan ya tsallako teku ta Sawakin. Ya iso Makka bai san kowa ba, Larabcinsa kuma iyakarsa na sallah. Wanda ya tsince shi a gefen hanya yana rawar zazzaɓi shi ne Wada, wani tamarji Badamagare da ya riga kowannenmu shiga asibitin. Wada ya kai shi ɗakinsa a unguwar Utaibiyya, ya yi jinyarsa har ya miƙe, ya tsaya masa aka ɗauke shi aikin shara. Bayan shekara huɗu ya ba shi auren Baraka, 'yarsa ta fari. Tun ranar da aka shafa fatiha Mahmudu bai sake haɗa ido da Wada ba.

Surukuta dai kowa ya san ta, ba sai na yi wa Bahaushe bayani ba. Amma a ɗauke ta a saka a baranda guda mai faɗin taku huɗu, inda mutum biyun nan za su yi ta kai da kawo daga safe har yamma, a ga yadda za ta kasance. Da Mahmudu ya jiyo jan takalmin Wada sai ya faɗa ɗakin da ya fi kusa, ko da ɗakin ajiye gawa ne. In kuwa suka yi kaciɓis ba mafita, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa, da farar rigarsa ta aiki, likitoci Misirawa suna raɓawa ta gefensa suna kallon ikon Allah. Wada ya kau da kai ya amsa wa bango gaisuwar.

Da aka zo naɗa ra'is a 1958, Mahmudu aka zaɓa, domin ya koyi rubutun Larabci a wurin wani malami a unguwa, Wada kuwa ko sunansa ba ya iya rubutawa. Tsohon ya yi murna, har ɗan akuya ya yanka. Sai dai yanzu mijin 'ya ne zai riƙa ba surukinsa umarni, abin da bakinsa ba zai taɓa iyawa ba. Nan ne na shigo. Ni Bakano ne, Wada Badamagare, akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni. Ina iya ce masa ɓarawon gero ya ce mini bawansa, mu tafa mu wuce. Saboda haka duk abin da Mahmudu ke so tsohon ya yi, ni yake faɗa wa: "Rabe, ko za ka roƙi Baba ya duba gado na bakwai?" Ni kuma in je in ce, "Kai tsoho, gado na bakwai na kiranka." Haka muka yi shekara huɗu, kuma ina alfahari da shi, wautata ke nan.

Aikin ra'is ba abin sha'awa ba ne. Kowane farkon wata Mahmudu zai zauna ya tsara jadawali, wane ɗaki kaza, wane bakin ƙofa, wane wurin wanki. Kafin tawada ta bushe mutum biyar sun zo da uzuri. Wannan matarsa ta haihu. Wancan wani babba ne ya kawo shi aikin, don haka ya fi ƙarfin ɗaukar fo. Waɗancan biyu ba sa ga maciji tun wata rigima a kan tabarma, ba dama a haɗa su ɗaki guda. Da watan Zulƙida ya kama kuwa, sai ciwon baya ya sauko wa rabin ma'aikata lokaci ɗaya. Ka je Masallacin Ka'aba ka tarar da mai ciwon bayan ya ɗora wani ƙaton alhaji a kan katako yana yi masa ɗawafi, har da ɗan gudu. Mahmudu ya san duk wannan, bai taɓa kai ƙarar kowa ba, sai dai ya cike gurbin da jikinsa.

Wada shi ne mutum ɗaya da bai taɓa kawo uzuri ba. Shekara ashirin da shida yana ɗakin zafi, inda ake kwantar da waɗanda rana ta buge. Aikinsa ya lulluɓe su da jiƙaƙƙen mayafi, ya jera musu ƙanƙara, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da butar ƙarfe mai dogon baki yana ɗura musu ruwan gishiri. Yana da hannu. Alhajin da ya datse haƙora ya ƙi kowa, Wada zai tallafo ƙeyarsa ya yi masa magana da Hausa, ko da mutumin Jawa ta Indunusiya ne, sai ka ga ya buɗe baki.

Shekara biyu da suka wuce, wata rana da hantsi, na shiga ɗakin na tarar da Wada a sunkuye kan wani gado, ya miƙa bakin buta yana cewa, "Sha, alhaji, sha kaɗan." Babu kowa a gadon. Filo ne da bargo a dunƙule. Ruwa ya zuba a katifa, ya shafa da hannu, ya yi tsaki, ya wuce gado na gaba kamar ba abin da ya faru. Na waiga, sai ga Mahmudu a bayan ƙofa, shi ma ya gani. Muka dubi juna.

Yanar ido ce ta rufe masa gani, a hankali a hankali. Da na ƙura masa ido a rana na ga baƙin ya koma fari-fari kamar ruwan tsari. Yana ganin haske da duhu, yana ganin giccin mutum, amma launi da fuska sun tafi. Bai faɗa wa kowa ba. Ina jin ko kansa bai faɗa wa ba.

Maganin da Mahmudu ya samo shi ne ya hana komai motsi. Ya kafa doka, shi da ba ya kafa doka, cewa kada a gusar da ko da kujera a ɗakin zafi. Kullum da an idar da sallar asuba zai riga kowa zuwa, ya bi ɗakin lungu-lungu, ya mayar da bokiti wurinsa, ya daidaita gadaje, ya ɗauke duk abin da ƙafa za ta yi tuntuɓe da shi. Wada ya zo ya yi aikinsa da ƙidayar taku da shafar bango, har baƙo ba zai gane ba.

Abin da ya fi damun Mahmudu yana cikin ɗan ƙaramin ɗakin da ke manne da ɗakin zafi. A can, kan dakalin siminti, akwai manyan tulunan gilashi biyu, girmansu ɗaya, murfinsu ɗaya. Na dama tafasasshen ruwa ne da gishiri, wanda ake ba marasa lafiya. Na hagu guba ce da ake jiƙa almakashi da wuƙaƙen likita a ciki. Ba ta da wari ko kaɗan, shi ya sa ake ɗiga mata shuɗi don kowa ya gane ta da ido. Wada yakan yi taku uku daga bakin ƙofa, ya miƙa hannun dama, ya cika butarsa. Sau biyu Mahmudu yana sauke tulun gubar ya tura shi ƙarƙashin tebur, sau biyu mai kula da magunguna yana mayar da shi, yana faɗa cewa a ƙasa wani zai yi ƙwallo da shi. Daga nan Mahmudu ya haƙura, ya ƙara tulunan cikin abubuwan da yake dubawa da asuba.

Bana aka kawo mana sabon mudir, wato shugaban asibitin gaba ɗaya. Matashi ne, ya yi karatu a waje, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ba mugu ba ne. Ya ga Hajjin bana zai faɗo a tsakiyar zafi, ya ce ba zai shiga aikin da ragowar mutane ba. Ya fitar da takarda: duk ma'aikacin da ya tsufa ko yake da wata lalura, ra'is ɗinsa ya kawo shi gaban kwamitin likitoci, ya faɗi abin da ke damunsa a gabansa, a duba shi, in ya gaza a sallame shi cikin mutunci. Ina tsaye a bakin ofis na kawo shayi lokacin da ya tambayi Mahmudu.

"Ya Mahmud, wannan shaiban, tsohon nan na ɗakin zafi, na ga yana dafa bango. Idonsa lafiya?"

"Lafiya lau, ya mudir. Ɗabi'arsa ce."

"Ɗayyib. Kai ka san mutanenka."

Ƙaryar farko ke nan da na taɓa ji daga bakinsa. Da muka fito na ga gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na ce, "Kai, Mahmudu, wannan fa ita ce ƙofar da Allah ya buɗe maka." Ya ce, "Rabe, in tsaya a gaban Baba, a gaban baƙi, in ce ya makance? Mutumin da ya ɗauke ni a bakin hanya?" Haushi ya kama ni, amma ni ma da surukina ne ban san yadda zan yi ba.

Ya gwada ta wajen Baraka. Ta ce masa, "Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ya kamawa. Ni ce zan dube shi in ce ya zauna a gida?" Ita dai abin da ta sani, idon babanta ya yi rauni irin na tsufa. A gida yana zuwa masallaci da kansa, yana gane jikokinsa da murya. Mahmudu bai gaya mata zancen tuluna ba.

Saura mako uku a hau Arfa ya kira ni bayan ɗakin wanki. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana.

"Rabe, kai kaɗai ne za ka iya. Ka gaya wa Baba ya ajiye butar nan. Ka ce idonsa ba ya gani, kuma muna tsoron abin da zai faru. Ka faɗa masa sosai, don Allah."

Na bugi ƙirji na ce ya bar mini. Da la'asar na sami Wada a inuwar katanga yana shan shayi a ɗan kofinsa. Na zauna kusa da shi. Na shirya magana tun daga baranda, mai taushi, mai ladabi, amma da na buɗe baki sai ta fito da muryar da na saba yi masa magana da ita shekara da shekaru.

"Kai tsoho, idon nan naka ya mutu. Ka tattara ka koma gida ka yi ta jan carbi, kafin ka ɗura wa wani abin da ba shi ba."

Ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe shi. "Ji ɗan banzan Bakano! Ɗakina kake so, na gane ka. To ina ganinka sarai, ga ka nan baƙi ƙirin da kunnuwa kamar faifai. Sai na binne ku duka, bayina."

A nan ya kamata in kama hannunsa in ce, Baba, yau ba wasa na zo yi ba. Kalma bakwai ce ko takwas. Amma dariyarsa ta yi mini daɗi, ta sauke mini nauyin da na ɗauko, sai na biye masa. Na ce kunnuwana sun fi hancinsa kyau, muka tafa, ya zuba mini shayi. Da na koma Mahmudu ya tare ni da ido.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa."

"Me ya ce?"

"Dariya ya yi."

Ya san yadda nake magana da Wada, ya san abin da dariyar take nufi. Ni ma na san ya sani. Amma sai ya ce, "To, an dai faɗa," ni kuma na ce, "An faɗa." Da wannan muka rufe bakin juna, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Daga nan abubuwa suka fara motsi. Aka ƙaro gadaje ashirin a ɗakin zafi, aka matse tsofaffin. Aka kawo ma'aikatan wucin gadi daga Jidda da Ɗa'if, mutanen da ba su san dokar Mahmudu ba, kowa ya ajiye bokiti inda ya ga dama. Wata safiya na ga jini a ƙafar wandon Wada, ya yi karo da ƙarfen sabon gado, ya ce ƙaiƙayi ne ya sosa. Mahmudu ya sauya jadawali, ya rubuta sunan tsohon a ɗakin ninke mayafai. Wada ba ya karatu, kuma da na gaya masa sai ya ce, "Ka ce wa abokinka na gode, amma ninki aikin mata ne," ya ɗauki butarsa ya shige ɗakin zafi. Ba wanda ya tare shi.

Mahmudu ya rame a kwanakin nan. Ya koma duba ɗakin sau uku a rana. Ina ganinsa yana leƙa ƙaramin ɗakin, ya taɓa tulun dama, ya taɓa na hagu, ya fito, ya yi taku biyar, ya sake komawa. Ya ce mini, "Mu dai samu a sauko daga Mina lafiya. Bayan Sallah zan san yadda zan yi." Na ce Allah ya kai mu, amma jikina bai ba ni ba.

Ranar biyar ga Zulhajji mudir ya sa aka yi wa ƙananan ɗakuna farar ƙasa, domin ana sa ran manya za su zo dubawa. Masu shafen suka sauke komai, suka shafe bango, suka mayar da kaya da yamma bayan mun tashi. Washegari mutum shida ba su zo aiki ba, har da Sabo. Ga motar da za ta kai kaya tantin asibiti a Mina tana jira a bakin ƙofa, direba yana ta danna ƙaho. Mahmudu yana shigowa daga masallaci mudir ya tare shi tun a ƙofa ya ce, "Yalla, ya Mahmud, a loda motar nan yanzu, ba ni da kowa." Na ga ya waiga wajen ɗakin zafi. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya sunkuya ya ɗauki akwatin farko.

Ni ina wajen ɗauko marasa lafiya daga mota. Kafin hantsi ya yi sosai an fara kawo su, jikinsu kamar garwashi, wasu ba su san inda suke ba. Ban tuna da tuluna ba. Wallahi ko sau ɗaya ba su faɗo mini a rai ba.

Abin da ya faru, daga baya muka haɗa shi. Masu shafe sun mayar da tulunan a juye, na guba a dama. Wada ya shiga, ya yi takunsa uku, ya miƙa hannun dama, ya cika buta. Gadon farko wani dattijo ne daga Darfur, rana ta buge shi a hanyar Jidda, ƙishirwa ta kai masa ko'ina, ya sha da yawa. Na biyu wani Baturke ne, ya kurɓa ya tofar yana ihu, amma masu zafin nan sun saba tofar da ruwan gishiri, ba wanda ya kula. Kafin Wada ya kai gado na uku likita ya ce ya je ƙofar baya ya karɓo ƙanƙara, amalanke ya iso. Ya ajiye butar a kan taga ya fita. Da ba don amalanken nan ba, mutum arba'in ne a ɗakin.

Ina shigowa da wani mara lafiya Mahmudu ya shigo a bayana, hannunsa duk ƙura. Idonsa ya sauka kan dattijon gadon farko, wanda ke riƙe da maƙogwaro yana murƙususu. A kan farin haraminsa, daidai ƙirji, akwai ɗigon shuɗi guda uku. Mahmudu ya ƙwalla wa likita kira da wata irin murya da ban san yana da ita ba, ya fizgi butar daga taga ya tuntsurar da ita a ƙasa. Ruwan ya malala a siminti, kowa ya ga launinsa.

Aka ɗura wa dattijon madara da farin ƙwai, aka yi duk abin da za a yi. Baturken bai sami komai ba sai ƙunar baki. Cikin wannan hayaniya na ga Mahmudu ya zame ya shiga ƙaramin ɗakin. Da ya fito, tulun ruwa yana dama, na guba yana hagu. Wada ya dawo da ƙanƙara a kafaɗa yana tambaya, "Mi ya faru? Wa ya taɓa mini buta?"

Mudir ya tara mu a ofis kafin azahar. Fuskarsa ta yi fari. Ya ce, "Wa ya cika butar?"

Mahmudu ya matso gaba. "Ni ne, ya mudir. Baba ya cika da safe, ruwan ya ƙare, na zo wucewa cikin sauri na ƙara. Ban duba ba."

"Kai da kake loda mota?"

"Na shigo shan ruwa."

Mudir ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Wada yana tsaye a bayanmu, ya kau da fuska wajen bango kamar yadda ya saba in surukinsa na wuri, yana ta salati a hankali. Bai yi shakka ba ko kaɗan. A saninsa ya ɗebi ruwa daga dama kamar kullum, kuma da ya koma ya shafa, tulun ruwa yana nan a dama.

Dattijon ya cika ranar Arfa. Ɗansa, wanda suka zo tare, ya ce ya yafe, mahaifinsa ya daɗe yana roƙon Allah ya ɗauki ransa a Makka. 'Yan sanda suka riƙe Mahmudu kwana goma sha ɗaya, aka rubuta kuskure ne, aka sake shi, aka kore shi daga aiki. Ya kwashe iyalinsa daga Utaibiyya suka koma Ka'akiyya, can bayan gari, inda yanzu yake ɗaukar ruwa a garwa yana kai wa gidaje.

Na je na same shi ranar da aka sake shi, raina a ɓace. Na ce, "To, an rasa rai guda. Yanzu sai a faɗi gaskiya ko?" Ya ce, "Yanzu ne ma ba za a faɗa ba. In Baba ya san hannunsa ne ya kashe baƙon Allah, ba zai kai wata ba. Baraka kuma fa?" Na ce, "Sauran baƙin Allah fa da ke kwance a ɗakin?" Ya ce, "Kai kana nan, Rabe. Ka riƙa riga shi shiga."

Abin da nake yi ke nan yau wata biyu. An kawo sabon ra'is daga Jidda, Balarabe ne, mai zafin nama, bai san kowa ba, ba ya kuma tambayar kowa. Ya ga Wada ba ya makara, ba ya kawo uzuri, sai ya ce da ma duk ma'aikata irinsa ne. Sau uku ina zuwa ƙofar ofishinsa da niyyar in faɗa, sau uku ina komawa. In na faɗa, na ƙaryata Mahmudu a gaban hukuma, na kuma tona cewa ni ma na sani na yi shiru. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Sai dai kullum da asuba in riga tsohon shiga, in taɓa tulun dama, in taɓa na hagu.

Yau da hantsi Wada ya kira ni inuwar katanga. Bai ce mini bawansa ba, bai zuba mini shayi ba.

"Rabe, yau ba wasa nake ba. Ina da saƙo wurin abokinka, kuma ka kai mishi yadda na faɗa, kada ka rage."

"To, Baba."

"Ka ce mishi na yi shiru wata biyu don zuciyata ta huce, ba ta huce ba. Ni na kawo shi asibitin nan, ni na ce wa mutane yaron kirki ne. Wanda aka ba amanar baƙin Allah ba ya gaggawa. Shekara ashirin da shida ina ɗibar ruwa a ɗakin nan, ban taɓa kuskuren tulu ba ko sau ɗaya. Ya zubar mini da mutunci. Ka ce mishi gaisuwar Juma'a da yake zuwa yi a ƙofar gidana, ya dakata da ita. Jikokina su zo, shi kada ya zo."

Na dubi fararen idanun nan suna kallon gefen kafaɗata. Na ce, "Zan kai, Baba."

Bayan la'asar na tafi Ka'akiyya. Na tarar da Mahmudu ya sauke garwa a ƙofar gida, kafaɗarsa duk ta saɓule saboda sandar ɗaukar garwa. Wannan karon ban rage ko kalma ɗaya ba, ban kuma sa wasa ba. Yana jin na ce saƙon Baba ne ya zame daga kan dutsen da yake zaune ya durƙusa a ƙasa, ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye. Na ga hawaye yana ɗiga a ƙurar da ke tsakanin gwiwoyinsa.

"Ka ce na ji. Ka ce ya yi mini aikin gafara."

Ya share fuska da hannun riga, ya ɗago.

"Gobe kai ne da safe ko? Za ka riga shi shiga?"

Tun azahar sabon ra'is ya liƙa jadawalin wannan wata, ya sa sunana cikin masu raka marasa lafiya Jidda, kwana takwas, kuma motar tana tashi kafin a kira asuba.